Zaman Benci a Kamfanin Alhaji Adamu

Shekarar da aiki ya yi wuya a Damagaram, Alhaji Adamu ya fito da wata sabuwar hanyar ɗaukar ma'aikata, kuma ni Jinƙai ina cikin waɗanda aka fara gwada ta a kansu. Ba zai ce ya ɗauke ka ba, ba kuma zai ce bai ɗauke ka ba. Rigar aiki shuɗiya zai miƙo maka da wandonta, mai sunan kamfaninsa a gadon baya, ya nuna maka wani dogon benci a ƙarƙashin rumfar kwano, ya ce ka riƙa zuwa da safe, kada ka bar gari. Mu biyar muka samu wannan alfarma, maza huɗu da ni.

Sana'ata lantarki ce, ɓangaren sola. Na daɗe ina ɗora allunan da ke zuƙar hasken rana, ina haɗa su da famfunan rijiyoyin ƙauye, a ƙarƙashin wani poroje, wato shirin tallafi na Turawa. Da al'amura suka rikice aka rufe iyakoki, masu porojen suka naɗe tabarmarsu, suka bar mu da takardar yabo da hoton da muka ɗauka tare. Na koma ɗakin mahaifiyata Dibora a unguwar Zango, ina gyara wa maƙwabta fanka da cocila, su biya ni da Allah ya yi albarka. Albarkar hannu biyu nake karɓa, amma mai shagon unguwarmu ba ya ba da shinkafa da ita.

A da kamfanoni ne ke bin mu har ƙofar makaranta tun ba mu gama ba. Yanzu kuwa sanarwar neman ma'aikaci a waya kake ganinta, wani ya turo wa wani, in ka karanta ka rasa ko dariya za ka yi. Mutum ɗaya suke so wanda ya san lantarki, ya san famfo, ya iya walda, ya iya tuƙi, bai kai talatin ba amma ya shekara goma yana aiki. Wata sanarwar ma tuni an ba ɗan ƙanwar mai kamfani aikin, ana yi ne don a ce an yi. Wata kuma sai a kwashe ka a kai ka daji ka gyara musu injin da ya lalace da sunan jarrabawa, ka gama su ce za a kira ka. Irin wannan jarrabawar na yi har na gaji, kuma har yau ba wanda ya kira ni ya ce na faɗi.

Shi Alhaji Adamu, in faɗi gaskiya, jarrabawarsa ta gaske ce. Ran farko mun cika tsakar kamfanin maƙil, aka yi ta rubutu, aka yi ta hannu, aka yi ta tankaɗe da rairaya har muka rage mu biyar. Sannan ya tara mu ya yi mana bayani. Kwangila yake nema ta sa famfunan sola a ƙauyukan Mirya, kuma masu ba da kwangilar sun gaji da kamfanonin da ke aro takardun shaidar mutane su cika dosiyen neman kwangila, alhali ko mai riƙe tsani ba su da shi. Saboda haka yanzu sai sun turo masu bincikensu, 'yan kamisiyon, ba sanarwa, su zo su ga ma'aikatan ido da ido, su dubi hoto su dubi fuska. Sharaɗi ne kuma a samu mace a cikinsu. Ya ce ranar da kwangila ta faɗo dukanmu mun zama ma'aikata. Kafin nan ba albashi, sai furar rana da yake aikawa a saya mana.

To haka muka shiga zaman kashe wando, sai dai mu wandon ma na kamfani ne. Mu zo da safe mu share rumfa, mu dafa shayi, mu yi musun ƙwallo, mu gyara duniya da baki. Duk farar motar da ta rage gudu a ƙofa sai mu miƙe zumbur, kowa ya rarumi abin da ke kusa da shi, wannan ya kama waya, wancan ya rungumi tsohon famfo, mu haɗe fuska kamar masu aikin gaske. Sai motar ta wuce mu koma mu zauna, ba mai kallon ɗan'uwansa. In lokacin salla ya yi mazan su tafi masallacin bakin titi su bar ni gadin benci, su ce in 'yan kamisiyon sun zo in riƙe su da surutu, tunda shi ne abin da ban rasa ba.

Babba a cikinmu Tanimu ne, mutumin wani ƙauye a Guna, mai gyaran famfo. Shi ma poroje ne ya rufe ya bar shi. A shagon wani ɗan garinsu yake kwana, kuma ba ya kirana da sunana, sai Injiniya, don ya san yana ba ni haushi. Tsokana ce abincinsa. Zai zauna ya yi ta kushe shayin Ɗan Azumi, ƙaraminmu, har ya shanye kofi na uku. Amma da bazara ta yi nisa sai na lura ya rage magana, kullum idonsa na gabas. Gonarsa guda ce, ita ke ciyar da gidan. Ƙannensa sun tafi cirani arewa ba su dawo ba, gida ba kowa sai matarsa Hauwa da goyo, da tsohuwarsa Inno, da yara ƙanana. Ya ce da ruwa ya sauka zai je ya yi shuka ya dawo, Alhaji ya ce masa in sha Allahu kafin nan an gama.

Wata ranar Litinin Alhaji ya aiko a kira ni buronsa, wato ofishinsa. Mutum ne mai sanyin magana, kuma ba zan ɗora masa abin da ba shi da shi ba: shi ma shekarar ta taɓa shi, motocinsa biyu ya sayar, fankar buron ma ni na gyara masa ita. Ya ce in zauna, ya tambayi lafiyar mahaifiyata, sannan ya yi ƙasa da murya. Ya ce kwangilar ba za ta ɗauki mutum biyar ba. Yana da tsofaffin yaransa da ya sallama, ba su da takarda amma sun san aiki, kuma ba sa tsada, su zai maido. Mazan nan huɗu na ranar kamisiyon ne kawai. Ni ce masu kwangilar za su riƙa tambaya har a gama aiki, don haka ni zai ɗauka.

“'Yata, pilas ɗinki a kamfanin nan tabbas ne,” in ji shi. “Ranar da suka zo suka tafi, ranar za ki sa hannu a kwantira, takardar ɗaukar aiki. Amma maganar nan ta tsaya tsakaninmu.”

Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na fara ji. Daɗi sosai. Na hango mahaifiyata ta daina tsayuwa a rana tana sayar da ƙanƙara, na hango kaina a saman tankin ruwa da sufana a hannu, inda na fi sanin kaina. Sai da na iso rumfa na tarar Tanimu ya ajiye mini kasona na fura ya rufe da hularsa saboda ƙuda, sannan daɗin ya fara tsami. Da na gaya wa mahaifiyata da yamma, ta ce mu yi addu'a. Bayan amin ta ce ba ni na yi musu ƙarya ba, kuma ba ni na rufe iyaka ba, in kama bakina. Na kama shi, ko da yake ba abin da na saba ba ne.

Ran Laraba da asuba ruwa ya sauka, ruwa na gaske, irin wanda ke tashin mai barci ya fito da bokiti. Gari na wayewa Zango ta hargitse. Duk mai ɗan fili a bayan gari ya saɓa sungumi, 'yan kabu-kabu sai wucewa suke da mutane da buhunan iri, masu shaguna da yawa ko buɗewa ba su yi ba. Ni 'yar birni ce, amma ko ni na san ƙasarmu yashi ce, ba ta riƙe danshi. In ba ka zuba gero yau ko gobe ba, sai ka jira wani ruwan, kuma ba wanda ya san ranar zuwansa. Ina tafe ina cewa a raina yau benci zai rasa mutum ɗaya. Ina shiga na tarar da Tanimu zaune, rigarsa a goge, yana hura wutar shayi.

Wayarsa ta yi ƙara, ya tashi ya koma gefe, amma na ji shi. Hauwa ce. Yana ce mata ta yi haƙuri, gobe, in Allah ya yarda gobe. Ya dawo ya zauna ya ce shayin yau ma ba daɗi. A nan bakina ya ƙwace. A gaban su duka na faɗi abin da Alhaji ya gaya mini, ban rage komai ba, har da cewa ni za a ɗauka. Na ce masa ya tashi ya tafi gonarsa, babu aikin da yake jira a nan. Na gama na sunkuyar da kai ina jiran zagi, don na san na ci zagi.

Ba wanda ya zage ni. Ɗan Azumi ne ma ya yi 'yar dariya ya dubi Tanimu, Tanimu ya ci gaba da fifita gawayi.

“Injiniya, ai mun sani,” ya ce. “Tun kafin ke ki sani.”

Ashe ɗaya daga cikin tsofaffin yaran Alhaji surukin Ɗan Azumi ne, kuma tuni aka ce masa ya shirya kayansa. Ashe duk lokacin da suke barina gadin benci, in sun idar da salla sai su tsaya a inuwar masallaci su tattauna, har suka yanke shawara. In sun watse, kwangila ta rushe, ba wanda ya samu. In sun zauna, mutum ɗaya ya samu. Wajen zuwa kuma ba su da shi, ko sun tashi wani bencin za su nema. Suka ce gara su zauna ni in shiga, kuma kada a gaya mini, don sun san halina. Wato duk kwanakin da nake haɗiye fura da ƙyar ina jin kunyarsu, su kallona suke suna jin daɗin sun iya ɓoye magana.

Ya kamata in yi godiya, na sani. Amma abin da na ji fushi ne, fushin da ya sa kunnuwana zafi. Na shekara ina neman a ɗauke ni don abin da hannuna ya iya, na zo ta ɗaya a jarrabawa da gumina, sai ga shi an mai da ni abin sadaka ba a ko tambaye ni ba. Kuma sadakar da abincin 'ya'yan wani za a yi ta. Na ce masa ban roƙa ba, ba na so. Na ce su ukun su zauna in suna so, shi ya tafi. Ya ce 'yan kamisiyon mutum biyar aka rubuta musu, mutum biyar za su ƙirga. Na ce to in ruwa ya ɗauke fa, me Hauwa za ta dafa da kaka? A nan ya ajiye mafici ya dube ni, ba wasa a fuskarsa.

“Jinƙai, gonar nan tawa ce, ba taki ba. Ni na san abin da zan iya ɗauka. Ke dai zauna.”

Ban zauna ba, buron Alhaji na nufa. Na roƙe shi ya ba Tanimu yau da gobe, in 'yan kamisiyon sun zo a ce ya tafi shuka, ai su ma tuwo suke ci. Ya ce ba zai yiwu ba, an tsegunta masa suna Mirya tun jiya, ko yaushe suna iya faɗowa, kuma kamfanin da aka samu da giɓi an cire shi ke nan. Na ce to ya fita da bakinsa ya gaya wa mutumin nan babu aikinsa. Ya buɗe hannuwa ya ce shi bai ɗaure kowa ba, ƙofa a buɗe take, duk mai son tafiya ya tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Alhaji bai ɗaure Tanimu ba. Ni ce igiyar, kuma muddin ina kan bencin nan ba zai motsa ba ko da gonarsa za ta zama fako.

Da na gane haka sai abin ya yi mini sauƙi. Da ma rigar aikin a kan kayana nake ɗora ta. Na cire ta a tsaye a gabansa, na ninke ta tsaf na ajiye a kan teburinsa. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce in yi tunanin mahaifiyata. Ya ce Damagaram ƙaramin gari ne, masu kamfani duk sun san juna, wanda ya tsere ranar kamisiyon ba mai sake kiransa. Bai ɗaga murya ba, ni ma ban ɗaga ba.

“Alhaji, ma'aikaciya kake nema ko mai zaman benci? In ma'aikaciya ce, ka ga aikina. In mai zaman benci ce, ka nemi wata.”

Na bi ta gaban rumfa na ce musu ni na tafi Guna, ba mace a kamfani, don haka zamansu ba shi da sauran amfani, kowa ya kama gabansa. Ɗan Azumi ya biyo ni har bakin titi yana cewa Yaya Jinƙai ki tsaya. Tanimu ko tashi bai yi ba, ya ce a ƙyale ni, fushin Injiniya ba ya wuce kwanar kasuwa, yanzu za ta dawo. Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na tare ɗan kabu-kabu na haye, ban waiga ba.

A hanya ne tsoro ya same ni sosai. Babur na ta zillo a cikin jiƙaƙƙen yashi, ni kuma ina ta tunanin fuskar mahaifiyata. Sau biyu na buɗe baki zan ce wa mai babur ya juya, sai in tuna an ce ba na wuce kwanar kasuwa, in rufe. Ko'ina ka duba mutane ne a gonaki, namiji a gaba yana sara da sungumi, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da dunduniya. Da tambaya muka kai ƙauyen, da tambaya muka kai gonar. Ita kaɗai ce a jerin ba namiji a cikinta. Wata doguwar mace da goyo a baya ita ke saran, wata tsohuwa na biye da ita da ƙwarya a hannu, kuma abin da suka yi tun safe bai kai a kira shi fara aiki ba.

Na yi sallama na faɗi sunana. Hauwa ta dogara da sungumi ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ashe ni ce Injiniyar da ake ba su labari. Ta tambaya ko lafiya, ko an ɗauke shi. Na ce lafiya lau, yana nan tafe, sauran maganar shi zai faɗa mata. Ba ta ƙara tambaya ba, don mai aiki a gabanta ba ta da lokacin baƙo. Na tuɓe takalmi na karɓi sungumin, na ce ta huta. Ban yi layi ɗaya ba Inno ta ce in mayar wa Hauwa da abinta, ramukan nawa wani ya yi zurfin rijiya wani ko kaza ba za ta yi tono a ciki ba. Aka ba ni ƙwarya. A nan ma sai da aka koya mini yawan da ake tsunkulowa da yadda ake take ƙasa, tsohuwar na mita tana cewa mutanen birni karatu ya cinye musu ƙafa. Na yi dariya, karo na farko a ranar.

Muna cikin haka har rana ta take tsaka ta fara karkata. Bayana ya riƙe, tafin ƙafata ya yi zafi, amma raina fes, don na tabbata na yi daidai. Wayata na ta ruri a jaka tun ina kan babur, na ƙi dubawa. Bayan azahar muka ji ƙarar babur, sai ga Tanimu ya sauko a bakin gona, har yanzu da shuɗiyar rigar a jikinsa. Na miƙe ina murmushi, ina shirya tsokanar da zan rama da ita. Bai dube ni ba. Ya gaida Inno ya durƙusa, ya amsa sannun Hauwa, ya karɓi sungumi daga hannunta ya ce ta je inuwa ta ba yaro nono. Sai da ta yi nisa sannan ya juyo.

“Sun zo,” ya ce.

Ban gane ba da farko, ko kuma ban so in gane ba. Ya ba ni labarin yana kallon ƙasa. Ban daɗe da tafiya ba, ko shayin ba su gama sha ba, farar mota ta tsaya. Mutum uku ne, da mace ɗaya a cikinsu. Suka duba mazan huɗu ɗaya bayan ɗaya, komai daidai. Suka tambayi ina macen. Alhaji ya ce ba ta da lafiya, ya yi ta kiran wayata a gabansu. Suka ɗan jira, suka yi rubutunsu, suka ce suna da wasu kamfanonin a gaba, suka shiga mota. Duka abin bai ɗauki lokacin dafa shinkafa ba. Da na zauna, da yanzu na sa hannu, shi kuma da a wannan lokacin dai zai iso gonarsa, ko ma kafin haka.

Ƙwaryar ta yi mini nauyi a hannu. Na ji kamar in zauna a ƙasa, amma na ƙi, don ba zan zauna a gabansa ba.

“Da ba su zo yau ba fa, Yaya Tanimu? Da sai jibi, ko wani mako?”

“Amma sun zo.”

“Da ba su zo ba, da kana can kana hura gawayi gonarka na bushewa.”

“Jinƙai, mu huɗu mun zubar da bazararmu don mutum ɗaya ya tsira. Abu ɗaya muka iya yi a shekarar nan, shi ma kin karɓe mana.”

Wannan ta shige ni, har yau tana nan. Ban taɓa tunanin zaman nan nasu shi ne abin da ya rage musu na alfahari ba, sai da ya faɗa. Hawaye suka zubo mini, na ji haushin zubowarsu, na share da bayan hannu. Na yi baƙin ciki, baƙin ciki mai tsanani, na aikin da na rasa, da na mahaifiyata da zan je in tarar da yamma, da na mutanen nan huɗu. Amma haƙuri ban ba shi ba, kuma ba zan bayar ba. Na ce masa da safe ba wanda ya san za su zo, shi ma bai sani ba, caca ya yi da abincin gidansa a kaina ba da izinina ba. Na ce ko gobe aka sake shimfiɗa mini aiki a kan gonar wani, tsallake shi zan yi. Ya ce taurin kaina zai kashe ni. Na ce wanda ya ga ruwan shuka ya zauna dafa shayi ba shi da bakin faɗar taurin kai.

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama sungumi ya shiga sara. Ban taɓa ganin sara irin wannan ba, tafiya yake kamar ana korarsa, rami na bin rami, ko waiwaye babu. Na san da gayya yake yi, so yake ya bar ni a baya in ce na gaji. Inno ta miƙo hannu za ta karɓi ƙwaryar, ta ce yarinya je ki huta, wannan ba saurinki ba ne. Na ce mata a'a, Inno. Na ɗaure zanena na bi bayansa, ina zubawa ina takewa, idona na ruwa har ba na ganin ramin sosai. Muka kai ƙarshen layi muka juyo, muka sake kaiwa muka sake juyowa, har rana ta yi ja.

Da muka tsaya ya bi layukan da kallo, yana neman inda na tsallake. Bai samu ba. Ya saɓa sungumi ya ce wa Hauwa, ba ni ba, a zuba wa baƙuwa ruwa ta wanke ƙafa, kuma a gaya mata gobe da sassafe ake fitowa, sauran rabin gonar na nan. Na ce a gaya masa na ji, ba ni da wani wajen zuwa da safe.